Biyu-Biyu, Safe da Yamma

Ranar Asabar

Zuwa ga Malamata mai daraja,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya ke da iyalinki duka. Ya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mu ma nan lafiya lau, sai dai kewarki.

Kin ce duk mako biyu in rubuto miki wasiƙa da Hausa, ko ina da labari ko ba ni da shi, don kada harshen ya tsere mini. Ga ta shida. Wata uku ke nan da muka gama shekarar farko a makarantarki, ƙungiyar mishan ta turo mu nan, maigidana yana aikin coci, ni kuma ina ƙaramin asibiti. Gidanmu ɗaki biyu ne a bayan asibitin. Idan mara lafiya ya yi tari a kan benci, daga kicin nake jin sa.

Da kin ga gidan da kin yi dariya. Na liƙa takardu a ko'ina kamar yadda kika koya mana: a ƙofa an rubuta ƙofa, a tulu an rubuta tulu. Autanmu ya cire ta jikin kujera ya liƙa wa babansa a baya, ya yini yana yawo da ita. Mun kafa doka, daga safe har azahar ba a yin wani harshe a gidan sai Hausa. Wannan doka ta yi wa 'yarki Aku daɗi, don ita ce alƙali. Sunan nan da kika sa mata ya bi ta, har maƙwabta ba su san na gaskiyar ba. Shekararta takwas, amma idan tana wasa a bayan katanga ba za ki bambanta muryarta da ta sauran yara ba.

Maigidana ne yake shan wahala. Ranar Lahadi ya miƙe a gaban jama'a yana so ya ce a tashi a yi waƙa, sai ya ce, "Ku tashi mu yi wanka." Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Fasto, mu dai mun yi namu tun da safe." Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Amma da muka dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce shekara goma yana wa'azi a ƙasarmu mutane suna saurarensa, yanzu ɗan shekara uku ya fi shi baki.

Ƙanenki yana gaishe ki. Ban san yadda zan gode miki da kika haɗa mu da shi ba. Tafinta ne mai haƙuri. Idan tsoho ya faro labarin ciwonsa tun daga kakansa, yakan saurara har ƙarshe, sannan ya ce mini, "Sista, gwiwa ce."

Yanzu ga wani sirri, ke kaɗai zan gaya wa. Ranar Larabar nan ya tafi sallar azahar, layi kuma ya yi tsawo, sai ban jira shi ba. Mutum uku na gani ni kaɗai: wani tsoho mai tari, wata mai ciki, da matar wani tela da ta kawo 'yarta mai farfaɗiya. Na tambaye su, na fahimci amsarsu, na ba su magani na yi musu bayani, duk da bakina. Matar telan har cewa ta yi, "Sista, ashe kin iya Hausa haka?" Malama, ji na yi kamar in yi tsalle. Na san dokar ƙungiya ta ce ba ma ba da magani ba tare da tafinta ba sai mun ci jarrabawar shekara ta biyu. Shi ya sa ban faɗa wa kowa ba.

Ki gaishe mini da ɗalibai sababbi, ki ce kada su karaya. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗalibarki,
Maman Aku


Ranar Talata

'Yata Maman Aku,

Na karɓi wasiƙarki hannun direban motar asibiti, na gode. Ina gaishe ku duka, da Fasto, da Aku uwar surutu, da Auta. Ƙafa da sauƙi, sai dai ta ƙi yarda da takalmi, ni kuma na ƙi yarda da sanda, haka muke ta fama.

Zancen wanka ya sa ni dariya har sai da jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Ki gaya wa Fasto kada ya sa abin a ransa. Na taɓa koyar da wani likita da ya yi wata shida yana gaishe da mutane da "ina kwana" da la'asar sakaliya, yau kuwa har ba'a yake yi da dattawa. Matsalar mijinki ɗaya ce, yana so ya iya kafin ya yi kuskure. Ba a haka.

Rubutunki ya yi kyau, kin ci gaba ƙwarai. Amma zancen Laraba bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Yabon matar tela yabon kirki ne, mutanenmu ko "sannu" baƙo ya ce sai su ce ya iya Hausa. Cinikin tumatir a kasuwa daban, bayanin magani daban. A kasuwa idan kin yi kuskure dariya za a yi. Wannan dokar ba don a wulaƙanta ku aka kafa ta ba. Salla minti nawa ce? Ki riƙa jiransa.

Na yi faɗan na gama, ba zan sake tayar da shi ba. Ki shafa mini kan yaran. Allah ya tsare ku.

Malamarki


Ranar Juma'a

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da yara. Ina so ki ji wannan daga wurina kafin direba ya kai miki da ƙari.

An dakatar da ni daga aiki.

Ranar Litinin da hantsi wani tela ya shigo asibiti da 'yarsa a kafaɗa, yarinya 'yar shekara huɗu, jikinta ya saki kamar jiƙaƙƙen zane. Ana kiran sunanta ba ta buɗe ido, numfashi sama-sama. Mai farfaɗiya ce, an ba ta magani a wurinmu ranar Larabar makon jiya. Sista ta ce a kawo ledar maganin. Ƙwaya ashirin da takwas aka ba su, na mako biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Da aka zazzage, takwas suka rage. Kwana biyar uwar tana ba ta ninki.

Nan take aka sa su a mota zuwa babban asibiti, tafiyar awa uku. Uban ne ya bi ta, uwar ta tsaya saboda tana da jariri. Washegari babban likitan ƙungiya ya zo bincike. Ya kira uwar, ta ce an gaya mata ta ba da biyu-biyu, safe da yamma. Ya buɗe littafin aiki, ya ga sunana a ranar a matsayin tafinta. Ya ce in ajiye mabuɗin kabad in zauna a gida har kwamiti ya zauna, Alhamis ta sama.

Yaya, shekara tara ina aikin tafinta. Yanzu idan na bi layin kasuwa sai hira ta tsaya. Jiya ƙannen telan biyu suka zo ƙofar gidana, ba su yi sallama ba. Ɗayan ya ce, "Kai ne mai juya magana? Ka yi addu'a yarinyar nan ta tashi." Matata tana bayan ƙofa tana ji. Babbar 'yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce babanta ya ba yarinya guba. Ita ma matar telan ba ta tsira ba, surukarta tana cewa sakaci ne irin nata, ba ta saurara da kyau ba.

Na san ki, za ki ce in faɗa miki dalla-dalla abin da ya faru ranar Larabar. Don Allah kada ki tambaye ni. Kuma kada ki taso da wannan ƙafar. Abin da nake roƙo ki taya mu addu'a yarinyar ta farka, sauran mai sauƙi ne.

Ki gaishe da kowa. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki


Ranar Asabar

Zuwa ga Malamata,

Ina gaishe ki da fatan alheri. Na ga wasiƙarki, na gode da shawara.

Wataƙila kin ji muna cikin damuwa. Wata yarinya ta sha magani fiye da ƙima, tana babban asibiti, har yanzu ba ta farfaɗo sosai ba. Muna yi mata addu'a safe da yamma. Ƙungiya tana bincike, an ce kada mu yi magana a kai har kwamiti ya zauna. Ƙanenki yana hutawa a gida kafin lokacin. Maigidana ya ce ko yaya ta kasance ba za a bar shi haka ba, za a nema masa wani aikin.

Yara lafiya. Aku dai ta daina fita wasa, kuma ta daina yi mana Hausa a gida. Ko da safe na yi mata magana sai ta amsa da harshenmu. Ina jin zafin gari ne.

Ina da roƙo ɗaya. Idan wasiƙata ta makon jiya tana hannunki, ki ba direba ya dawo mini da ita. Akwai kurakurai a ciki da nake so in gyara.

Aiki ya yi yawa, ƙila in jima ban rubuto ba. Ki huta lafiya.

Ɗalibarki,
Maman Aku


Ranar Litinin

Maman Aku,

Ina gaishe ki. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

Wasiƙu uku ne a gabana a kan tabarma: taki mai zancen Laraba, ta ƙanena, da taki ta shekaranjiya. Na karanta su na sake karantawa, har jikata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da baƙi harshen nan, kuma abin da na fi iyawa shi ne jin abin da ɗalibi ya tsallake. Kin ce "wata yarinya". Kwana bakwai kafin nan kin san ko 'yar wace ce, kin san ciwonta, kin san abin da uwarta ta ce miki har kika ji kamar ki yi tsalle. Kin ce ƙanena "yana hutawa". Wa ya koya miki wannan kalmar a wannan wurin? Ba ni ba. Mutumin da ake zuwa ƙofar gidansa ba sallama ba hutawa yake ba.

Wasiƙar da kike nema ba ta da kuskuren da za ki gyara. Na bi ta layi-layi. Ba zan ba direba ba.

Bari in gaya miki wane ne kuka ajiye a gida. Ina da shekara goma sha huɗu mahaifiyarmu ta rasu ta bar shi yana rarrafe. A bayana ya girma. Ni na kai shi makaranta, ni na koya masa harshenku a kan wannan tabarmar, ni kuma na ce muku ku ɗauke shi, na ce na tsaya masa. Ba shi da gona, ba shi da shago. Abin da ya mallaka a duniya shi ne idan ya ce "ga abin da aka ce", mutane su yarda. Shi za a karɓe, sannan a nema masa wani aikin? Wane aiki?

Ita ma matar telan fa? Tana zaune a gidan miji ana nuna ta da baki, ana cewa ita ta kusa kashe 'yarta.

Ban ce kin yi da gangan ba. Na san hannunki a kan marasa lafiya, na ga yadda kika yi jinyar ƙafata ba wanda ya sa ki. Kuskuren harshe kuwa ni ce ta farko da zan yafe shi, sana'ata ke nan. Amma shirun da ya biyo baya ba kuskuren harshe ba ne.

Kwamiti zai zauna Alhamis. Na riga na gaya wa direba ya ajiye mini kujerar gaba. Zan zo da ƙafata mai kumburi, wasiƙar tana cikin jakata. Ban so in fito da ita. Kin ba ni ita a matsayin sirri, kuma ban taɓa tona ɗalibi ba. Ina so ki riga ni.

Ki duba Aku da kyau. Ba zafin gari ba ne.

Malamarki


Ranar Talata da yamma

Malama,

Ina gaishe ki, idan za ki karɓi gaisuwata. Direba zai juya da sassafe, don haka ina sauri. Ban buɗe ƙamus ba, abin da ya fito shi za ki gani.

Ni ce. Ni na faɗa. Ina so in ce "sau biyu", sai na ce "biyu-biyu". A kaina duk abu ɗaya ne. Na ce, "Ki ba ta biyu-biyu, safe da yamma." Matar ta maimaita, na ce, "Yawwa." Har murmushi na yi mata.

Akwai abin da ƙanenki bai gaya miki ba. Ranar da babban likita ya zo, shi ne ya yi tafinta, domin likitan ba ya jin Hausa ko kaɗan. Likita ya ce a tambayi matar wa ya gaya mata haka. Ta ce, "Sista ce ta faɗa mini da bakinta, malamin ya tafi salla." Na ji. Maigidana yana tsaye kusa da ni, shi ma ya ji, wannan Hausar ba ta fi ƙarfinsa ba. Ƙanenki ya dube ni, sannan ya juya ya ce wa likita da harshenmu, "Ta ce a nan asibiti aka gaya mata." Ya sake dubana. Ya jira. Ya buɗe mini ƙofa in shiga da ƙafata. Na buɗe baki, sai maigidana ya dafa kafaɗata ya matse. Na yi shiru. A gabana aka karɓi mabuɗi daga hannunsa.

Ba zan ɗora wa maigidana ba, bakin nawa ne. Amma ki ji abin da muke ciki. Mako guda ke nan muna faɗa a kicin da ƙaramar murya don kada yara su ji. Yana cewa idan na faɗa za a karɓe takardar aikina, a mayar da mu gida. Shekara bakwai muna shirin zuwa nan. Mun sayar da komai, mun yi ban kwana da mahaifiyarsa tana kan gadon ciwo, ta rasu ba mu nan. Yana cewa ni kaɗai ce nas a nan, idan na tafi za a rufe asibitin, mata masu naƙuda su koma tafiyar awa uku. Ya ce, "Mutum ɗaya zai sha wahala na ɗan lokaci, ko gari guda?" Na ce masa, "Kai da kake tsayawa ran Lahadi kana cewa kada a yi shaidar zur?" Ya ce bai yi shaida ba, shiru kawai ya yi. Shi ya ce in nemi wasiƙar daga wurinki. Ni kuma na rubuta.

Da na karanta taki, na je na sami Aku. Tana zaune a bayan tankin ruwa tana tona ƙasa da tsinke. Na ce ta gaya mini abin da yake damunta. Ta ɗago ta ce, da Hausa, karo na farko cikin mako guda, "Mama, biyu-biyu kika ce."

Na manta tana ɗakin ranar. Tana ƙarƙashin tebur tana zane, don an tashe su makaranta da wuri. Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba a lokacin?" Ta ce, "Kin ce in daina gyara miki magana a gaban mutane, wai ina ba ki kunya." Sai ta fashe da kuka ta ce, "Idan yarinyar ta mutu, ni ce ko?"

Malama, kwana takwas 'yata tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni ina cewa zafin gari.

Na gaya wa maigidana zan faɗa, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ya ɗauki littafinsa ya tafi coci, har yanzu bai dawo ba, abincinsa yana rufe a kan tebur. Ban san ko zai zo ranar Alhamis ba. Ban san ko za mu koma yadda muke ba.

An ce telan ya dawo yau ya ɗauki kaya, zai koma jibi. Gobe zan je shagonsa kafin in je gaban kwamiti, domin shi ya fi su haƙƙin ji. Ina jin tsoro ƙwarai. Ƙannensa suna zama a shagon.

Kada ki wahalar da ƙafarki. Amma idan kin zo, ba zan hana ki ba. Ki yafe mini idan za ki iya.

Maman Aku


Ranar Juma'a

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ki, ya ƙarfin jiki? Direba ya ce kin shirya tsaf, har kin fito, ƙafar ta ƙi taka matakalar mota, kika koma kina faɗa da kowa. Gara da ba ki zo ba. Ba a buƙaci jakarki ba.

Ranar Laraba da hantsi Sista ta zo ƙofar gidana. Ta yi sallama sau uku kafin matata ta yarda ta amsa. Ta ce in raka ta shagon tela. Ta ce, "Ba tafinta nake so ka yi mini ba. Ka tsaya kawai, idan na faɗi abin da ba shi ba ne ka gyara." Na ce mata ta bari sai an sami dattijo ya shiga tsakani. Ta ce ta riga ta jira fiye da yadda ya kamata.

Muka tarar da shi yana ninke kayan yarinyar a kan teburin yanka, ƙannensa biyu suna kan keken ɗinki. Da suka gan ni ɗayan ya miƙe. Sista ta shiga gabana. Ko kalma ɗaya ba ta kauce mata ba. Ta ce, "Maigida, ni ce na ba matarka magani. Wannan mutumin ba ya nan, ya tafi salla. Ni na ce biyu-biyu. Ban iya Hausa yadda na zata ba. Matarka ta yi daidai abin da na ce mata. Na san haka tun ranar farko, na yi shiru saboda tsoro."

Kekunan suka tsaya. Masu wucewa suka fara taruwa a bakin ƙofa. Telan yana riƙe da almakashi, Yaya, idona yana kansa. Ya dube ta, sannan ya ajiye shi a hankali. Ya ce, "Kwana tara ina zaune a gefen gado. Shekaranjiya ta buɗe ido ta ce Baba. Da ba ta buɗe ba, ban san abin da zan ce miki yau ba." Ta ce, "Na sani." Ya ce, "Ba ki sani ba." Ya ɗauki hularsa ya ce, "Ni ba ni za ki ba haƙuri ba. Taho ki maimaita wannan maganar a gaban mahaifiyata, matata tana ji."

Ta bi shi, ni ma na bi su. Ta maimaita, tsohuwar tana zaune tana ji. Matar telan kuwa ta juya fuska bango ta yi ta kuka da jaririnta a hannu. Da muka fito, ƙanen nan da ya zo ƙofata ya biyo ni ya kama hannuna da hannu biyu.

Yarinyar tana samun sauƙi. Tana ci, tana gane mutane, sai dai tafiya tana tangaɗi. Likitoci sun ce suna sa ran zai wuce, amma ba su yi alkawari ba.

Jiya kwamiti ya zauna. Ta faɗi komai, har da zancen wasiƙar da ta nema a wurinki. Fasto ya shigo a makare ya zauna a baya. Da aka kusa tashi ya miƙe ya ce shi ya hana ta magana. Sannan ya juyo wurina ya ce da Hausarsa, "Na yi maka laifi babba." Daga nan kalmomin suka ƙare masa, ya tsaya yana neman su. Ban taimake shi ba, Yaya. Allah ya yafe mini, na bar shi a tsaye.

An mayar mini da mabuɗi. Amma ni ma an ja mini kunne a rubuce, don na sauya maganar matar a gaban likita. Sun yi daidai. Na yi ne don ina tunanin matan da za su rasa asibiti, amma na bar wata baiwar Allah cikin zargi kwana tara, ban yi tunaninta ba.

Ita Sista an dakatar da ita. An aika da rahoto ƙasarsu, sai nan da wata uku za a san ko za su zauna ko za su tafi. Asibiti zai riƙa buɗewa Litinin da Alhamis kawai, da wata nas ta aro. Yau da hantsi wata mai ciki ta zo ta tarar da ƙofa a rufe, na tsaya ina yi mata bayani. Kafin hukunci ya fito, sun ce Sista ta koma makarantarki ita da yaran, Fasto ya zauna nan. Ta ce ba za ta iya roƙonki ba bayan abin da ya faru. Ni ma ban ce ki karɓe ta ba, ban ce ki ƙi ba. Na dai faɗa miki.

Matata tana gaishe ki. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki


Ranar Lahadi

Maman Aku,

Ina gaishe ki da yaran. Na ji duk abin da ya faru.

Ban huce ba tukuna, kada ki zo kina tsammanin na huce. Idan na gan ki wataƙila in yi miki faɗan da ban taɓa yi wa ɗalibi ba.

Na sa an share ɗakin baya, an saka katifa biyu. Ki taho da gidan sauro, nawa ya yage. Ki gaya wa Aku, kafin ku taso, cewa ba ita ba ce, ki faɗa mata har sai ta gaji da ji. Idan kun iso ni ma zan faɗa mata.

Darasi ranar Laraba, ƙarfe takwas. Kada ki makara.

Allah ya kawo ku lafiya.

Malamarki